Makullin Gwaggo Rabi a Fuskar Talabijin

Laifina ne, gara in faɗa tun kafin mu yi nisa. Ba laifin kwamfuta ba ne, ba na masu ɗaukar hoto ba, ba kuma na taubashiyata Bilkisu ba, ko da yake na daɗe ina ɗora mata. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban dattawan unguwarmu a cikin birnin Zariya, na baje abin da aka ba ni amanar ɓoyewa, har ina matsawa gefe don hoton ya fito sosai.

Ni ba wani dogon karatu na yi ba. Sakandare na gama da ƙyar, na kama gyaran waya a wani ɗan shago wajen Ƙofar Doka. Abin da Allah ya ɗora mini shi ne son sanin cikin abu. Tun ina yaro babu rediyon da ya kwana lafiya a gidanmu. Da gyaran waya ya daina ba ni mamaki sai na koma kallon bidiyon masu koyar da haɗa manhaja, na ƙara da wani gajeren kwas a Gyallesu. Daga nan na fara jin kaina (kuma ni kaɗai nake jin hakan, in za a faɗi gaskiya).

Gwaggo Rabi ƙanwar mahaifina ce, tela ce, kuma ɗinkin amare ta fi shahara a kai. Tana da wata hanyar aiki tata. Idan amarya ta zo gwaji, sai ta ɗauke ta hoto ta gaba, ta baya, ta gefe, don bayan yarinyar ta tafi ta zauna ta duba inda rigar ta yi yawa da inda ta kama. Hotuna ne na cikin ɗaki, babu gyale, wani lokaci ko ɗankwali babu, kafaɗa a waje. 'Yan matan nan kuwa daga gidajen da ko zaure ba sa leƙawa babu hijabi suke fitowa. Suna yarda ne kawai saboda Gwaggo ce.

Wata rana wayarta ta ɓace a gidan suna. An same ta daga baya a ƙarƙashin tabarma, amma yinin ranar ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Washegari ta aika aka kira ni.

"Mai sunan Malam," (haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini) "ba za ka iya yi wa hotunan nan kwaɗo ba? Ko wayar ta faɗa hannun wani, kada ya ga 'ya'yan mutane."

Na ce, "Gwaggo, ai aikina ke nan."

Ba aikina ba ne. Ranar na fara karanta yadda ake yi.

Kuma abin ya kama ni sosai. Irin kullewar da na koya mai makulli ɗaya ce, da shi ake kullewa da shi ake buɗewa, kamar dai kwaɗon shago. Sai dai makullin ba ƙarfe ba ne, wata lamba ce mai tsawon gaske wadda kwamfuta ke zaɓowa da ka, babu tsari, yadda ba mai iya cankarta. Idan aka rubuta ta sai ta fito haruffa da lambobi sittin da huɗu a cakuɗe. Ka ɗauki hoto ka bi da shi ta cikin makullin nan, sai ya zama tarkace, kamar an watsa yashi a faranti. Ka sake bi da shi, sai hoton ya dawo ko ɗigo bai ɓata ba. Na yi kwanaki ina wasa da abin. In canza harafi ɗaya tak, in ga ya ƙi buɗuwa, in mayar, in ga ya buɗe, in yi ta murmushi ni kaɗai a shago har masu kawo gyara suka fara tambayar ko lafiya.

Hoton farko da na kulle nawa ne. Wata amarya daga Tukur-Tukur ba ta samu zuwa gwaji ba, kuma doguwa ce, tsawonmu ɗaya. Gwaggo ta zura mini rigar don ta kama bakin ƙasa da allurai, ta ce in na motsa ta soke ni. Da ta fita amsa sallama, shaiɗan ya ba ni shawara, na naɗa gwaggwaron amaryar, na turo baki gaban madubi na ɗauka. Da shi na yi gwaji, na kulle, na manta da shi a ciki.

Tambaya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce tambayar gaba ɗaya, ni ne ban sani ba. Ina za a ajiye makullin?

A gidanmu makullin zaure yana cikin wani ɗan rami a bango, sama da ƙofa. Tun zamanin kakana can yake. Maƙwabta sun sani, mai kawo ruwa ya sani, baƙon da ya kwana biyu ma ya sani. Ba a taɓa ɗauke mana ko buta ba, don kowa ya san kakan kowa. Da wannan tunanin na girma, da shi kuma na zauna gaban kwamfuta. Na rubuta makullin ɓaro-ɓaro a layin farko na umarnin manhajar, na sa masa suna makulli don kada ya ɓace mini. Na ƙara wani layi da zai sa manhajar ta rubuta shi a shafin rahotonta duk lokacin da aka kunna ta, don in riƙa ganinsa hankalina ya kwanta, kamar yadda mutum ke shafa aljihu in ya shiga kasuwa.

Yanzu sai Bilkisu. 'Yar Gwaggo Rabi ce, wato taubashiyata, ita 'yar mace ni ɗan namiji. Tun muna rarrafe ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. In ta ce mini sannu, sai na duba bayana. Ita ta yi karatun kwamfuta har jami'a, kuma a lokacin tana can kudu tana bautar ƙasa. Na tura mata manhajar da duk rubutun cikinta, ba don ta duba mini ba, don dai ta san ba sai da digiri ba.

Ba a jima ba ta kira.

"Injiniyan kan benci, kwaɗon naka ya yi kyau, wallahi ban zata ba. Amma wa ya ce ka rataye makullin a jikinsa?"

"Hassada ce ke cin ki. Ku da kuka yi shekaru kuna cin kuɗin makaranta, me kuka haɗa wa Gwaggo?"

"Saurara, ƙaton kai. Cire shi daga cikin rubutun nan. Waya tana da ma'ajiya ta musamman da aka gina don makullai, can za ka sa shi, ita manhajar ma ba sai ta gan shi ba, aiki kawai za ta miƙa a yi mata. Kuma ka daina riƙe shi kamar rubutun gaisuwa. Ka yi masa kube nasa, yadda ko an ce a buga shi taurari kawai za su fito. In an gama aiki da shi a goge shi daga ƙwaƙwalwar wayar. In da kai mai hankali ne ma, kowace amarya makullinta daban."

"Kin gama?"

"Wannan layin da ke rubuta shi a rahoto kuwa, ko akuyar gidanku ba za ta yi haka ba."

Tana faɗa tana dariya, ni kuma akuyar kawai na ji. Duk rayuwata abin da Bilkisu ta faɗa ramawa nake yi, ban taɓa tsayawa in duba ko gaskiya ne ba. Don haka na rama. Na ɗauki kullallen fayil ɗin hotunan na jefa shi a guruf ɗin dangi da maƙwabta na waya, na rubuta cewa duk wanda ya buɗe shi, har da masu digiri, zan riƙa yi masa gyaran waya kyauta har tsufana. Na so in haɗa na bogi da hotunan atamfa zalla, amma wuta ta ɗauke, ƙiwa ta kama ni, na tura na gaske, mai ɗauke da hotunan amaren Gwaggo duka. Na ce a raina ai a kulle yake.

Bilkisu ta turo mini saƙo ni kaɗai, ta ce in cire. Na mayar mata da hoton akuya.

Ana cikin haka Gwaggo ta gyara ɗakin waje ta sayi sababbin kekunan ɗinki, ta ce za a yi 'yar walima a sa wa wurin albarka, a haɗa har da manhajar. A wurinmu sabon abu ba ya fara aiki sai manya sun gani sun yi addu'a. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, maza suka cika, mata suna ciki, Gwaggo tana tsaye bayan labulen ƙofar shiga gida. Na aro babban talabijin na jona da laftof ɗina. Na ƙara girman rubutu sosai saboda idon dattawa (ka ga ladabi).

Na danna manhajar ta ƙi tashi. Na sake dannawa, shiru. Sai na buɗe shafin rahoto in ga abin da ya tsare ta. Abu na farko da ya fito, daga wannan gefen talabijin zuwa wancan, shi ne makullin.

Baba Liman, limamin masallacin layinmu, yana gaba. Dattijo ne mai son tambaya, irina. Ya gyara tabarau.

"Wannan dogon rubutun fa? Kamar hatimi."

Da ina da rabin hankalin akuyar nan da na rufe shafin. Amma an tambaye ni abin da na fi so a duniya, a gaban jama'a.

"Allah gafarta Malam, ai shi ne makullin."

"Makulli babu ƙarfe?"

"Babu. Lamba ce kawai. Da ita ake kullewa, da ita ake buɗewa. Harafi ɗaya ya kuskure, ko shekara dubu mutum zai yi ba zai buɗe ba."

"Ikon Allah. To idan wani ya haddace ta fa?"

Na yi dariya na ce, "Wa zai iya haddace wannan, Malam?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A unguwar nan an haddace abin da ya fi wannan tsawo."

Aka yi dariya, ni ma na taya, ban gane da ni ake ba. Wayoyi sun riga sun tashi sama. Alhaji Mudi maƙwabcinmu, wanda ko kaza aka yanka a layin sai ya ɗauka ya tura guruf, ya ɗaga hannu.

"Ɗan matsa kaɗan, kanka ya tare ƙarshen."

Na matsa. Har na nuna rubutun da yatsa ina murmushi.

Daga baya na gano matsalar (wata 'yar ƙaramar mantuwa ce), manhajar ta tashi, na kulle hoton atamfa na buɗe, aka yi ta mamaki. Baba Liman ya yi doguwar addu'a, aka shafa, aka shigo da waina da miyar taushe. Ina cikin karɓar yabo sai laftof ya yi ƙara, sunan Bilkisu ya fito a talabijin, don saƙonnina ma a nan suke buɗe.

Na ce, "Jama'a, ga mai digiri ta turo mubaya'a. Bari mu gani tare."

Na danna.

Ni ne. Daga sama har ƙasa, cikin farar rigar amarya mai duwatsu, gwaggwaro ya karkace gefe ɗaya, baki a ture, gemuna yana sheƙi. A ƙasan hoton ta rubuta: "Daga hoton da Alhaji Mudi ya tura guruf na kwafi makullin. Naka kawai na buɗe na tsaya. Ka sa a goge komai yanzu, ba wasa nake ba."

Zauren ya fashe da dariya. Wani ya ƙware da waina sai da aka bubbuga masa baya. Baba Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

"Ashe an yi amarya a gidan nan ba a gayyace mu ɗaurin aure ba."

Na so ƙasa ta tsage. Ina neman inda zan danna in rufe, sai na ƙara wa hoton girma. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da har yanzu nake ji a kunnena shi ne muryar Gwaggo daga bayan labule, a hankali, babu faɗa.

"Mai sunan Malam, na sauran ma haka za su buɗu?"

Dariyar ta mutu. Na ga fuskokin mutane suna canzawa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tuna wa ya taɓa kawo ɗinki gidan nan. Alhaji Mudi ya sauke wayarsa ya zuba mata ido. 'Yarsa Hadiza ta zo gwaji a makon, bikinta ya matso.

Na ce, "Yanzun nan zan canza makullin, Gwaggo."

Wayar Gwaggo ta yi ƙara, Bilkisu ce, Gwaggo ta miƙo mini ta gefen labule. Karo na farko a rayuwata da ta kira ni da sunana na yanka.

"Canza makullin, dole ne. Amma sabon makulli abin da za a kulle nan gaba zai tsare. Fayil ɗin da ka tura yana cikin wayoyin mutane, kuma tsohon makullin zai buɗe shi har abada. Abu ɗaya ya rage, kada biyun su haɗu a hannun wanda ya iya."

A nan tsaye na fahimci abin da na yi makonni ina wasa da shi ban gane ba. Makullin zaurenmu in an ɗauke, da safe za ka sa hannu a ramin ka ji babu, ka sayo sabon kwaɗo. Wannan kuwa mutum ɗari za su iya ɗauka kuma yana nan inda ka ajiye, bai ragu ba, bai nuna alama ba. Ganinsa shi ne ɗaukarsa. Har yau abin yana ba ni mamaki, sai dai yanzu mamakin da tsoro a cikinsa.

Baba Liman ne ya ceci abin da zai cetu. Ya sa aka tura ƙofar zaure, ya ce babu mai fita sai ya goge hoton talabijin ɗin da fayil ɗin a gabansa. Manyan mutane suka riƙa miƙo mini wayoyinsu ina dubawa, ba mai kallon idona. Alhaji Mudi ya janye hotonsa daga guruf. Amma guruf ɗin akwai na Kaduna, akwai na Legas, akwai waɗanda wayarsu ke ajiye duk abin da ya shigo. Fayil ɗin kuma ya kwana biyu a can, ya wuce janyewa. Sai roƙo muka bi mutane da shi.

Da la'asar Gwaggo ta zura hijabi ta ce za ta bi gidajen amaren ta gaya musu da bakinta, kafin su ji a wani wuri. Na ce zan raka ta. Ta ce, "Zauna, ka yi aiki yau." Wasu iyayen sun ce Allah ya tsare gaba. Mahaifiyar Hadiza kuwa ta aiko aka karɓi sauran yadin aka kai wa wata tela a Wusasa. Zuwa yau babu hoton da ya fito, alhamdu lillahi, amma ba zan iya rantsuwa cewa babu wata tsohuwar waya a wani aljihun tebur da ke riƙe da biyun ba. Gwaggo ma ta san haka.

Kana tsammanin na ba da haƙuri a ranar? Ina. Cewa na yi laifin Bilkisu ne. Me ya sa ba ta faɗa mini da gaske ba tun farko? Me ya sa ta turo a daidai lokacin? Na daina ɗaukar wayarta. A ɓoye kuma na zauna na tuno duk abin da ta faɗa ranar akuya, na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da makulli ma'ajiyar waya, na yi masa kube, na goge layin rahoton, na ba kowace amarya nata. Da na cire zagin daga maganarta sai na ga babu kalma ɗaya da ba daidai ba.

Gwaggo ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Daina ɗaukar hoto kawai ta yi, ta koma alli da allurai kamar da, amarya ta zo gwaji sau uku maimakon ɗaya. Duk ranar da na shiga na gan ta durƙushe tana zana alli a jikin riga, da ciwon gwiwarta, sai in ji gara ta mare ni.

Darasin da na samu bai da yawa. Makullin da ba na ƙarfe ba, ba a ajiye shi a ramin bango, ba a kuma nuna shi ko ga liman. Sannan mai zaginka yana iya fin ka gaskiya, ko da taubashinka ne. Sunan Amarya kuwa ya bi ni har shago, yara ma da shi suke gaishe ni.

Da Bilkisu ta gama bautar ƙasa ta dawo, na ɗauki laftof na je gidan. Suna ɗaki ita da Gwaggo. Na miƙa wa Bilkisu. Ta daɗe tana dubawa, ta umarci manhajar ta buga makullin, taurari suka fito. Ta ce, "Ba laifi, Amarya."

Ban rama ba. Na cire hula na durƙusa gaban keken Gwaggo. Bilkisu ta zaro waya ta ce bari ta ɗauki wannan don tarihi, Gwaggo ta ce, "Ajiye wayar nan." Ta tsayar da keken ta juyo.

Na ce, "Gwaggo, kin ba ni amanar 'ya'yan mutane na yi wasa da ita don a yabe ni. Kin bi gida gida kina ba da haƙuri kan laifin da ni na yi, na bar ki kika tafi ke kaɗai. Abin da ya fita ba zan iya dawo da shi ba. Ki yafe mini. Ke kuma Bilkisu, kin gaya mini gaskiya tun farko, ni ne na ƙi ji saboda daga bakinki ta fito. Na yi kuskure, ki yi haƙuri."